Yadda Maharban Amurka Su Ke Ɗura Harsashin Harbin Talotalo

Babu wanda bai san talotalo na gida ba, mai hura wuya da baza wutsiya a tsakar gida. Amma ba kowa ne ya san yana da ɗan'uwa a daji ba, wanda ya fi shi wayo da gudu nesa ba kusa ba. Asalin tsuntsun nan Amurka ta Arewa ne. Mutanen dā na ƙasar Meksiko su ne suka fara kiwonsa, sa'an nan Turawan Sifen suka kai shi Turai a farkon ƙarni na 16, daga can ya yaɗu cikin duniya har ya iso gare mu. Na dajin kuwa yana nan a ƙasarsa ta asali, harbinsa yana cikin manyan farautar mutanen Amurka.

Cikin maharban nan akwai waɗansu da harsashin kanti bai gamshe su ba, sai su sayi kayan haɗi dabam dabam su ɗura nasu da hannunsu. Abin da na ke so in bayyana wa 'yan'uwa ɗalibai da malamai ke nan, watau yadda mutum ya kan fara wannan aiki, da kayan da ya ke bukata, da ka'idodin da ba shi da halin ƙetarewa. Ko da ya ke aikin na wata ƙasa ne, mai karatu zai ga lissafi da kimiyya irin waɗanda mu ke koya a aji, ga su an sa su aiki a inda kuskure ɗaya ya ke iya raba mutum da idonsa ko yatsunsa.

Tsuntsun Da A Ke Harbi

Kafin a san harsashi sai a san abin harbi. Zakaran talotalon daji ya kan kai nauyin laba 20, wani ma ya fi. Jikinsa lulluɓe ya ke da gashi 5,000 zuwa 6,000, ga tsoka mai kauri a ƙirji, ga fukafukai masu ƙarfi sun rufe haƙarƙari. In ƙwayar harsashi ta bugi jikinsa daga nesa, sau da yawa ba ta kashe shi, sai dai ta ji masa rauni ya tsere ya mutu a ɓoye. Saboda haka maharbi ba ya auna jiki. Kai da wuya ya ke auna, domin ƙwaya ta sami ƙwaƙwalwa ko laka. Wurin nan kuwa ɗan ƙanƙane ne, ƙwaƙwalwar ba ta wuce girman goro ba, ƙashin wuyan bai fi kaurin yatsa ba. To, duk dabarar harsashin talotalo a nan ta tsaya: a tara ƙwayoyi masu yawa a ɗan ƙaramin wuri, kowace ƙwaya kuma ta isa da ƙarfin da za ta huda ƙashi.

Akwai dalilin da ya sa mutanen ƙasar ba su wasa da maganar jin raunin tsuntsu a banza. Sun taɓa kusan rasa shi. Saran daji da harbi babu ka'ida suka cinye shi, har ya zama wajen 1920 ya ɓace sarai daga jihohi 18 cikin 39 da ya ke zaune a dā. A 1937 aka yi wata doka mai sunan Pittman da Robertson, wadda ta ware harajin bindigogi da harsasai domin tsare namun daji. A 1951, a jihar Karolina ta Kudu, aka fara kama talotalon daji da raga wadda a ke harbawa ta rufe garke, a kwashe su da rai a kai dazuzzukan da suka rasa su. A 1973 aka kafa ƙungiya ta ƙasa musamman domin tsuntsun nan. Da haka ya farfaɗo, har ya kai kusan miliyan 7 a farkon shekarun 2000, ko da ya ke ya ɗan ragu daga baya. Ana samunsa a jihohi 49, ban da Alaska kaɗai. Babban lokacin harbinsa daga Maris zuwa Mayu ne, sa'ad da zakaru ke neman mata. Mai gemu a ƙirji kaɗai a ke yarda a harba a lokacin, kowace jiha kuma ta ƙayyade yawan da mutum zai ɗauka.

Abin Da Ke Cikin Harsashi

Wanda ya taɓa ganin maharbin ƙasarmu yana ɗura bindigar gargajiya ya riga ya san tsarin. Ya kan zuba albarushi ta baki, ya tura tsumma ya danna, ya zuba ƙwayoyi, ya sake toshewa da tsumma don kada su zube. Harsashin bindigar harbin tsuntsaye wannan ɗurin ne aka yi shi tun a gida, aka rufe cikin kwanso. Kayansa biyar ne.

Na fari shi ne kwanso, watau bututun roba mai gindin ƙarfe. A dā da takarda mai kauri a ke yinsa, sai a 1960 kamfanin Remington ya fito da na roba. Na biyu, wani ɗan ƙoƙon ƙarfe da ke tsakiyar gindin kwanso, wanda in allurar bindiga ta buge shi ya kan yi tartsatsi. Bari mu kira shi ƙyastu, gama aikinsu ɗaya. Girman da kusan kowa ke amfani da shi ana ce da shi lamba 209. Na uku albarushi. Na huɗu matoshi na roba, wanda gindinsa ke tare iskar albarushi kada ta sulale, samansa kuma ƙoƙo ne mai rungume ƙwayoyi har su fita daga bakin bindiga. Na biyar ƙwayoyin kansu. Bayan an zuba duka sai a naɗe bakin kwanso. Naɗin nan ma aiki gare shi, don shi ke riƙe kaya na ɗan ƙiftawar ido har albarushi ya kama sosai.

Albarushin harsashin nan ba baƙin gari ba ne irin na gargajiya. Marar hayaƙi ne, irin wanda wani Bafaranshe mai suna Paul Vieille ya fara yi a 1884, ƙarfinsa ya ninka na baƙin gari sau da yawa. Don haka duk wanda ya fasa harsashi ya juye albarushinsa cikin bindigar da aka ƙera domin baƙin gari, ya nemi bindigar ta tarwatse a hannunsa.

Geji Da Tsawon Kwanso

Faɗin ramin bindigar tsuntsaye da geji a ke faɗarsa, lissafinsa kuwa tsoho ne. A ɗauki laba ɗaya ta dalma, a raba ta dunƙule 12 daidai wa daida. Ramin da dunƙule ɗaya ya cika shi cif shi ne geji 12, faɗinsa inci 0.729. In an raba labar 20, dunƙulen ya ƙanƙance, ramin ya zama inci 0.615, shi ne geji 20. Watau yadda lamba ta ƙaru haka rami ke raguwa. Ƙaramar da a ke kira .410 ita kaɗai ce a ke faɗar faɗinta da inci kai tsaye.

Tsawon kwanso na geji 12 iri uku ne sanannu, inci 2¾, da 3, da 3½. Na ƙarshen nan a 1988 ya fito, daga kamfanonin Federal da Mossberg. Sai a lura, tsawon nan na kwanson da aka riga aka harba ne, bakinsa a buɗe. Saboda haka harsashi mai inci 3 ya kan shiga gurbin bindiga mai inci 2¾ lafiya lau, amma in an harba, bakinsa ba shi da wurin buɗewa sosai, sai matsi ya hau. A jikin kowace bindiga an rubuta geji da tsawon da ta ke ɗauka, wannan rubutu shi ne abin fara karantawa.

Dalma Da Tangistin

Tun 1782, da wani mutumin Biristol a Ingila mai suna William Watts ya sami dabarar zubo narkakkiyar dalma daga kan hasumiya ta dunƙule a iska ta faɗa ruwa, dalma ce sarauniyar ƙwayoyi. Girman ƙwaya ma da lamba a ke faɗarsa, ga kuwa wata 'yar ka'ida mai sauƙi: a ɗebe lambar daga 17, abin da ya saura shi ne faɗin ƙwayar, a lissafin kashi ɗari na inci. Lamba 4 ta zama inci 0.13, lamba 5 ta zama 0.12, lamba 6 ta zama 0.11, lamba 9 kuwa 0.08. Ukun farko su ne maharban talotalo suka daɗe suna amfani da su. Oza ɗaya ta dalma tana da ƙwaya wajen 135 in lamba 4 ce, wajen 170 in lamba 5 ce, wajen 225 in lamba 6 ce.

A nan maharbi ya kan shiga tsaka mai wuya. Babbar ƙwaya tana da ƙarfin huda ƙashi daga nesa, amma ba ta da yawa, kan tsuntsu ya kan kuɓuta ta tsakaninsu. Ƙaramar ƙwaya tana da yawa, amma iska ta kan cinye gudunta da wuri. Ga shi kuma dalma taushi gare ta. Lokacin da albarushi ya tashi, ƙwayoyin ƙasa su kan lotse saboda nauyin na sama, ƙwayar da ta lotse kuwa ba ta tafiya sak, sai ta kauce gefe. Don maganin wannan a kan gauraya dalma da wani ƙarfe, antimoni, ta yi tauri, a kan shafe ta da jan ƙarfe, a kan kuma zuba wani garin roba tsakanin ƙwayoyi ya tallafe su.

Abin da ya sauya al'amarin nan shi ne tangistin. In an cika ɗan akwati mai santimita ɗaya ta kowane gefe da baƙin ƙarfe, nauyinsa wajen giram 7.8 ne. In dalma ce, 11.3. Ƙwayar tangistin da a ke kira TSS kuwa 18 ce. Tun da ta fi dalma nauyi da fiye da rabi, 'yar ƙaramar lamba 9 ta tangistin tana huda kusan yadda lamba 5 ta dalma ke yi, ga shi kuwa oza ɗaya tana da ƙwaya wajen 360. Tauri gare ta kuma, ba ta lotsewa.

Bari mu yi lissafin. Babban harsashin geji 12 mai oza 2 na dalma lamba 5 yana ɗauke da ƙwaya 340. Harsashin geji 20 mai oza 1½ na tangistin lamba 9 yana ɗauke da 540. Ita ma 'yar .410, da a dā ba a ƙirga ta cikin bindigogin talotalo, da oza 13/16 tana ɗauke da wajen 290. Amfanin wannan babba ne, gama gwargwadon nauyin abin da bindiga ta tura gaba da saurinsa, haka ta ke naushin kafaɗar mai harbi. Ƙaramar bindiga mai ƙaramin kaya ta ba yara da tsofaffi damar harbi ba tare da tsoron naushi ba, mai tsoron naushi kuwa ba ya saiti daidai. Abin lura shi ne masu ɗuri a gida su ne suka fara aiki da tangistin ɗin nan shekaru da dama, kafin manyan kamfanoni su bi sawu. Federal sai a 2018 ya fito da nasa.

Ko Aikin Yana Da Riba?

Mai son farawa ya kamata ya tambayi kansa wannan tun da fari. Mai harbin faifan yumɓu don wasa ya kan ƙone harsashi dubbai a shekara, don haka kuɗin injinsa kan dawo da sauri. Maharbin talotalo kuwa da wuya ya harba goma a daji cikin shekara. In dalma zai ɗura, na kanti ya fi masa araha. Tangistin ne ya ke sa a yi tunani, domin biyar biyar a ke sayar da shi a kwali, ɗaya ya kan kai dala 10 ko fiye, ko da ya ke ƙwayar ita kanta da tsada ta ke ko a gida za a ɗura. Babban dalilin masu yi shi ne kowace bindiga da irin harsashin da ta fi so, mai ɗuri kuma yana iya zaɓen ɗurin da ya dace da tasa, ya yi shi daidai kowane lokaci, ko kanti yana da kaya ko ba shi da.

Littafi Kafin Inji

Abin da a ke fara saya littafi ne. Kamfanin Lyman yana da sanannen littafin ɗurin harsashin tsuntsaye. Masu yin albarushi kamar Hodgdon da Alliant su kan buga nasu jadawali, masu sayar da kayan haɗi kamar Ballistic Products su ma suna da na tangistin. Kowane layi a jadawalin ya ambaci irin kwanso, da irin ƙyastu, da sunan albarushi da nauyinsa, da irin matoshi, da nauyin ƙwaya, sa'an nan ya faɗi gudu da matsin da aka samu da aka gwada shi a bindigar awo.

Ka'idar aikin duka guda ɗaya ce: a bi layin nan yadda ya ke, kada a musanya kome. Dalili kuwa ga shi. Wata ƙungiyar masu ƙera bindigogi da harsasai ta Amurka, SAAMI, wadda aka kafa a 1926, ta ƙayyade iyakar matsi. Ga geji 12 mai inci 2¾ ko 3, laba 11,500 ce a kan kowane inci murabba'i. Ga mai inci 3½, 14,000. Ga geji 20, 12,000. Tayar mota wajen 30 zuwa 35 kawai ta ke ɗauka, sai mai karatu ya kwatanta. Harsashin talotalo kayansa nauyi gare su, saboda haka yawancin ɗurinsa kusa da iyaka ya ke tun asali. Canza ƙyastu kaɗai, daga na wani kamfani zuwa na wani, ko da ya ke duka 209 ne, yana iya ƙara matsi da laba dubu biyu ko fiye. Mai ɗurin harsashin bindigar nesa ya kan duba kwanson tagulla ya ga alamar matsi ya ja baya. Kwanson roba ba ya yin wannan gargaɗi a kan kari, ga bututun bindigar tsuntsaye sirara gare shi. Kafin ido ya ga alama an daɗe da wuce iyaka.

Albarushi ma iri iri ne, wani mai saurin ci, wani mai ci a hankali. Mai sauri na ƙaramin kaya ne. Kaya mai nauyi sai mai ci a hankali, kamar yadda amalanke mai lodi ke son turi mai ɗorewa, in an fizge shi da ƙarfi ɗaya wani abu ya karye. Kwansuna kuma kashi biyu ne a ciki: akwai masu tsukewa wajen gindi, irin su Winchester AA da Remington STS, akwai masu miƙaƙƙen ciki, irin su Cheddite da Fiocchi. Kowane kashi da matoshinsa. Haka nan ba a ɗaukar layin dalma a zuba tangistin a madadinta. Tangistin yana iya karce cikin bindiga, sai da matoshi mai kauri na musamman, kuma tun da ɗan wuri ya ke ci, a kan cike giɓin da ɗan faifan toshiya gwargwadon yadda littafi ya ce. Saboda wannan ka'ida ne ba a rubuta nauyin albarushi ko ɗaya a shafukan nan ba. Wurinsa littafin da aka gwada ne, ba jita-jita ko abin da aboki ya tuna da ka ba.

Kayan Aiki

Bayan littafi sai sikeli mai kyau. Da giren a ke auna albarushi, giren 7,000 ke yin laba ɗaya, 437½ ke yin oza, sikelin kuma lalle ya iya nuna kashi ɗaya cikin goma na giren. Sai tabarau na tsare ido. Sai inji. Masu farawa su kan ɗauki mai yin harsashi ɗai ɗai, kamar MEC 600 Jr. ko Lee Load-All, domin mutum ya ga kowane mataki da idonsa. Injin yana da 'yan zobba masu aunar albarushi da ƙwaya da cika, kamar mudu. Amma mudu ba sikeli ba ne: gari ya kan danne ko ya saki, zoben ƙwaya kuma domin dalma aka yanka shi. Tun da harsashin talotalo kaɗan a ke bukata, masu hankali su kan auna kowane ɗuri a sikeli. Da yawa cikin masu tangistin ma ba su sayen inji. Sababbin kwansuna su ke saya masu ƙyastu a jiki, su auna kome da hannu, su rufe baki da wani ɗan ƙarfe da a ke juyawa da na'urar huda.

Yadda A Ke Ɗurin

Da fari a tsince kwansuna, a ware iri ɗaya, a zubar da duk wanda ya tsage, ko bakinsa ya ƙone, ko gindinsa na ciki ya saki. A tasha ta fari inji ya kan fitar da tsohon ƙyastu, ya matse gindin ƙarfe ya koma girmansa. A ta biyu a sa sabon ƙyastu, ya zauna daidai da gindi, kada ya turo waje. A ta uku a zuba albarushi, a leƙa a tabbata ya shiga, sau ɗaya kuma ya shiga, sa'an nan a tura matoshi ya zauna a kansa, a zuba ƙwaya. A ta huɗu a fara karya bakin kwanso, gida shida ko takwas, bisa ga yadda tsohon naɗinsa ya ke. A ta biyar a danne naɗin ya lotsa wajen inci 1/16. In naɗin birgima za a yi, sai a ɗora ɗan faifan kwali a kan ƙwaya, a lanƙwaso bakin kwanso ya riƙe shi.

Naɗi shi ke faɗin gaskiyar ɗuri. In ya faɗa ciki har ƙwaya na zubowa ta tsakiya, kaya bai cika ba. In ya kumbura yana buɗewa, kaya ya yi yawa. Ko wanne ya faru sai a tsaya a nemi dalili. Daga nan a rubuta a jikin kwali kwanan wata da dukan abin da aka zuba, a kuma rubuta a littafin ajiya. Harsashin da ba a san abin da ke cikinsa ba, ba a harba shi.

Gwaji A Takarda

Gani ya kori ji. Ɗuri bai zama na farauta ba sai an gwada shi a takarda. A bakin bindiga akwai maƙura, watau wurin da rami ya ɗan tsuke domin ya tara ƙwayoyi. W. W. Greener, maƙerin bindiga na Birmingham, yana cikin waɗanda suka yaɗa dabarar a shekarun 1870. Yawancin bindigogin yanzu maƙurarsu ta ɗaurawa ce, ana kwance wannan a sa waccan. Ta talotalo a geji 12 ta kan tsuke ramin daga inci 0.729 zuwa wajen 0.665. Amma tsukewa ba kullum ke ƙara kyau ba, in ta yi yawa ta kan watsa ƙwayoyi, kuma lalle a duba ko maƙurar an yi ta domin tangistin.

A kafa takarda mai faɗin yadi ɗaya ko fiye, a ɗiga baƙi a tsakiya, a auna yadi 40 da igiyar awo, ba da taki ba. A ɗora bindiga a kan matashi a harba. Sa'an nan a nemi inda huji ya fi yawa, a zana da'ira mai faɗin inci 10, a ƙirga. Abin da maharba suka saba ɗauka shi ne, in an sami huji 100 ko fiye a da'irar, a warwatse daidai babu giɓin da kan tsuntsu zai shige, ɗurin ya isa a wannan nisa. A maimaita sau uku ko biyar, gama harbi ɗaya ba ya zama shaida. Nisan da ƙirgan ya faɗi ƙasa da 100, nan ne iyakar maharbi, kome girman zakaran da ya tsaya a bayanta.

Takarda ta kan tona abu biyu kuma. Sau da yawa tsakiyar ƙwayoyi ba ta faɗa inda aka auna ba, ta yi sama ko gefe, sai a gyara saiti. Sa'an nan a gwada a yadi 15, a ga yadda ƙwayoyin ke tafe a dunƙule kamar lemo. Da irin wannan harsashi, kuskuren tsuntsu na kusa ya fi sauƙi bisa na nesa. Tangistin ya sa waɗansu suna kwaɗayin harbi daga yadi 60 ko 70, amma tsofaffin maharba suna ganin gwanintar farautar nan ita ce kiran zakara da kukan mace har ya matso, yadi 40 kuwa ya isa.

Tsare Kai Da Bin Doka

Rigakafi ya fi magani. Ba a shan taba ko kunna wuta a ɗakin ɗuri, ba a hira, ba a yi da gajiya. Gwangwanin albarushi ɗaya kaɗai a ke ɗorawa a tebur, in an gama a mayar da saura cikin gwangwaninsa. A ajiye shi wuri mai sanyi marar laima, cikin akwatin katako, gama in gobara ta same shi a rufaffen akwatin ƙarfe fashewa zai yi. Ƙyastu a bar shi cikin kwalinsa na asali, kada a juye shi a kwalba, don ɗaya in ya tashi sauran duka za su bi. Garin da ya zube a share da tsintsiya. Dalma guba ce, musamman ga yara, sai a wanke hannu kafin a ci abinci, a kuma kulle ɗakin.

A wurin harbi, in ƙarar harsashi ta fita raunana, a tsaya a leƙa bututu bayan an fitar da harsashi, watakila matoshi ya maƙale, harbi na biyu a kansa kuwa fasa bindiga ya ke yi. Kada a haɗa harsashin geji 20 da na 12 a aljihu ɗaya. Na 20 ya kan zurma cikin bututun 12 ya tsaya, a sa wani a bayansa ba a sani ba. Don haka ne kamfanoni ke yin kwanson geji 20 rawaya.

Game da doka, a Amurka gwamnatin tarayya ba ta neman lasin ga mai ɗura harsashi domin kansa, amma mai yi domin sayarwa sai da lasin. Kowace jiha tana da ka'idarta a kan girman ƙwaya da gejin da a ke harbin talotalo da su. An hana harbin agwagin ruwa da dalma a ƙasar duka tun 1991, jihar Kalifoniya kuwa ta hana dalma a kowace irin farauta tun 2019. A Nijeriya al'amarin dabam ne. Dokar Bindigogi ta 1959 ta hana mutum ƙera ko haɗa harsashi sai a wuraren da hukuma ta keɓe. Saboda haka abin da aka bayyana a nan na sani ne, ba na gwadawa a ɗakin kwana ko bayan gida ba.

Wanda zai fara a inda doka ta yarda, shawarar masu aikin ita ce ya karanta littafinsa tun daga fari har ƙarshe, ya zauna kusa da wanda ya ƙware ya ga yadda hannunsa ke tafiya, ya koyi naɗi da ƙaramin ɗurin dalma mai araha, kāna ya taɓa tangistin. Ya zaɓi layi ɗaya, ya sayi kayan layin nan kaɗai, ya ɗura biyar, ya kai su gaban takarda tun watanni kafin lokacin farauta. Mu kuwa da za mu tsaya gaban yara muna koya musu awo da sikeli, ga misali a hannunmu na inda kashi ɗaya cikin goma na giren ya ke da daraja. Allah ya ƙara mana ilmi mai amfani, amin.